Motsi a cikin silin duk daren da aka ɗauke wuta

Mama, salama a gare ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce, ina zaune a Tudun Wada a nan Jos tare da 'ya'yana uku da 'yar ƙanwar mijina mai shekara 11, wadda aka kawo mana riƙo daga ƙauye a watan Oktoba. Maigidana yana aiki a Abuja, sai ƙarshen wata yake zuwa. Tun shigowar hunturu, duk daren da aka ɗauke wuta sai in riƙa jin abubuwa a gidan: wani lokaci kamar an jefa tsakuwa a kan kwano, wani lokaci kamar ana jan wani abu a cikin silin, sau biyu kuma na ji kamar minsharin mutum a saman ɗakin yara. Idan akwai wuta ba na jin komai. Na daina barci, kwana nake yi zaune da Littafi Mai Tsarki da tocila. Wata maƙwabciyata ta kai ni wani gidan addu'a, matar da ke wurin ta ce tun zuwan yarinyar nan aka buɗe wa duhu ƙofa, wai in kai ta ta yi azumin kwana uku a wurinsu har ta furta. Ban kai ta ba tukuna, amma gaskiya na fara tsoronta, har na hana ta kwana da yarana, a falo take kwana yanzu. Ban gaya wa mijina ba domin jininsa ce. Mama, rashin bangaskiya ne ya sa nake tsoro, ko kuwa Allah ne yake nuna mini wani abu?

Wata 'yar'uwa daga Jos

'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Kafin in taɓa maganar kwano ko silin, ga abin da ba ya jiran gobe: kada ki kai yarinyar nan gidan addu'ar, kuma daga daren yau ki mayar da shimfiɗarta ɗakin yara. Ki tuna cewa duk ƙarar da take hana ki barci, ke babba mai tocila da waya a hannu, ita ma tana jinta, ita kaɗai a falo cikin sanyin Jos, ba ta kuma da wanda za ta kira, domin wadda ya kamata ta kira ita ce take gudunta.

Tsoronki kuwa ban ɗauke shi rashin bangaskiya ba. Duk wanda ya zauna a garin nan a watan Satumba na 2001, ko Nuwamba na 2008, ko Janairu na 2010, ko daren jajiberen Kirsimeti na 2010 ɗin da bama-bamai suka tashi a Unguwar Rukuba da Gada Biyu, ya san abin da ake nufi da kwana da kunne a buɗe. Yawancinmu mun koyi rarrabe ƙarar harbi da ta fashewar taya ba da sonmu ba, kuma jiki ba ya saurin manta irin wannan karatu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga shi kuma ke kaɗai ce babba a gidan, rayuka huɗu suna wuyanki, saboda haka idan zuciyarki ta buga da kika ji motsi cikin duhu, aikin da Allah ya halicce ta dominsa ta yi. Inda matsala take shi ne fassarar da aka ba ki, kuma fassarar ta faɗa a kan wanda ya fi kowa rauni a gidan.

Kin ce idan akwai wuta ba kya jin komai, wannan ne kuma ya fi ɗaure miki kai. Gidan da ke da wuta ba ya taɓa yin shiru, ko da a hunturu ne da ba ma kunna fanka. Firji yana gunji, talabijin ko rediyon maƙwabta yana tashi, injin jan ruwa yana aiki a wani gida, kunne kuma ya saba da su har ya daina lura. Da zarar an ɗauke wuta, duk wannan ya yanke a lokaci guda, sai ƙananan ƙararrakin da suke nan tun da su fito fili. Firjin kansa yakan yi 'yan ƙararraki bayan ya mutu, domin ƙanƙarar ciki tana tsagewa, sinadarin sanyayarwa kuma yana komawa mazauninsa cikin bututu. Ido yana buƙatar kimanin minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, a wannan tsakani kuwa kunne da zato ne suke jan ragamar mutum. Sannan ƙwan da kike bari a kunne a baranda ko a waje ya mutu, kuma dabbobin dare sun fi sakewa idan babu haske da hayaniya.

Yanzu ki dubi kalanda tare da ni. An kawo yarinyar a Oktoba, wato daidai ƙarshen damina, ke da kanki kuma kika rubuta cewa abin ya fara ne da shigowar hunturu. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa a watannin Disamba da Janairu rana take gasa kwano da tsakar rana, da dare kuma sanyi ya sauka kusa da digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi, yana takurewa idan ya huce. Fallen kwano mai tsawon mita 3 yana iya canzawa da kimanin milimita 1 tsakanin zafin rana da sanyin dare, na alminiyam kuma ya kusa ninka haka. Abin kaɗan ne a ido, amma kwanon a kafe yake da ƙusoshi a jikin katako, ba ya samun zamewa a hankali, sai ya tara ƙarfi ya fizge a lokaci guda, shi ne kike ji kamar an jefa tsakuwa. Katakon rufin ma yana bushewa a iskar hunturu, yana yin nasa ƙaran. Da ƙanin mijinki ne ko kakar yara ta zo a Oktoba, da kwanon nan ya yi ƙararsa ba tare da ya tambayi wanda ya zo ba.

Jan abu a cikin silin kuwa, na kusa rantsewa ɓeraye ne, ko gafiya idan motsin yana da nauyi. Bayan girbi, idan ciyawa ta bushe aka fara ƙona daji, sukan baro waje su nemi ɗumi da abinci a gidaje, silin kuma yana ƙara girman sauti kamar ganga, har ɓera mai jan ɓawon gyaɗa ya zama kamar ƙato mai jan buhu. Minsharin ne na san ya fi razana ki, kuma a kansa ina da labari. Shekaru da dama da suka wuce, a wani gidan haya da muka zauna a Bukuru, mun yi kusan wata guda muna jin wani yana huci yana minshari a saman ɗakinmu, har marigayi maigidana, wanda dattijon ikilisiya ne, ya fara tashi addu'ar tsakar dare da sanda a gefensa. Ranar da kafinta ya hau, 'ya'yan farar mujiya ya tarar a kusurwar rufi. Haka 'ya'yanta suke kuka idan suna neman abinci, huci mai kama da minshari, uwar kuma takan yi sheƙarta a rufin gidaje da majami'u. Na san abin da mutanenmu suke faɗa a kan mujiya, amma tsuntsuwa ce da Allah ya halitta, abincinta kuwa ɓeraye, don haka inda kika ji ta, da wuya ba su ne suka jawo ta ba.

A nan ne nake so ki ajiye tsoronki inda zai yi amfani, domin ɓeran da ke silin ya fi abin da aka tsorata ki da shi haɗari. Zazzaɓin Lassa yana yaɗuwa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera idan suka taɓa abinci ko kwanuka, kuma a rani ne masu kamuwa suke ƙaruwa, Filato tana cikin jihohin da ake samunsa. Tarihin cutar ma ya ratsa garinmu. A 1969 wata nas ta mishan ta kamu a garin Lassa, wanda yake Jihar Borno a yau, aka kawo ta asibitin mishan a nan Jos ta rasu, wata nas da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta, a 1970 kuma likita Jeanette Troup ta rasu a Jos bayan ta kamu a bakin aikinta. Masu bi ne na gaske, masu addu'a, cutar kuma ba ta dubi wannan ba. Saboda haka ki zuba hatsi da gari da garin rogo a robobi masu murfi, kada a bar kwanuka su kwana ba wanki, idan kuma aka ga kashin ɓera kada a share shi a bushe, a fara jiƙa shi da ruwan bilic, mai kwashewa ya sa safar hannu ya rufe hanci da baki.

Gani ya kori ji. Ki nemi kafinta, ki roƙi wani dattijo ko ɗan'uwa namiji daga ikilisiyarku ya tsaya tare da shi, su hau da tsani da tocila da rana tsaka, su duba kashi da gashin tsuntsu da ƙusoshin da suka saki da reshen bishiya ko wayar eriya da ke taɓa kwano. A toshe ramuka da raga, a ɗana tarko, amma idan akwai 'ya'yan mujiya a bari su tashi kafin a rufe ƙofarsu, don kada su mutu a ciki wari ya dame ku. Akwai kuma gwajin da za ki iya yi da kanki: a daren da akwai wuta, bayan yara sun yi barci, ki kashe babban makunnin gidan da hannunki, ki zauna minti 30 ki saurara. Idan kika ji abubuwan nan a duhun da ke kika kawo shi, kin samu rabin amsarki. Gwaji ɗaya ne na hana ki, wato ki tura yarinyar wani gida don ki ga ko ƙarar za ta daina. Ɓera yana iya yin kwana biyu bai motsa ba, iska tana iya kwantawa, sai ki yanke wa yarinya hukunci a kan abin da ya faru bisa katari.

Ba kowace ƙarar dare ce ta banza ba, kuma ba zan ruɗe ki ba. Idan kika ji tartsatsi ko zuuu daga mita ko soket, ko kika ji ƙaurin roba, ko aka kawo wuta kika ga ƙwan wani ɗaki yana haske fiye da kima na wani kuma ya dushe, ki kashe babban makunni nan take ki kira mai gyaran wuta, ki kuma gaya masa ɓeraye suna silin, domin suna cin rigar waya, gobara da yawa daga nan take tashi. Duk lokacin da aka ɗauke wuta ki zare firji da talabijin, ki bar ƙwai ɗaya a kunne ya zama shaida, idan ta dawo ki jira 'yan mintoci kafin ki mayar da su. Idan huci ne daga kicin tare da warin gas, kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunni, ki rufe kan tukunyar, ki buɗe tagogi, ki fitar da yara. Idan kuwa taɓa ƙofa ne ko takun mutum a tsakar gida, dare rigar mugu ne, ɓarayi kuma sun san lokacin da unguwa take duhu: kada ki fita dubawa, ki kira maƙwabta da 'yan sintirin unguwa, ki ajiye usur kusa da gado, lambar gaggawa ta ƙasa kuma ita ce 112. Abin da ya fi kashe iyalai a daren sanyi ma ba ya yin ƙara ko kaɗan. Hayaƙin janareto da gawayin da aka shiga da shi ɗaki don jin ɗumi suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Janareto ya zauna a fili, nesa da taga da kimanin mita 6, kaskon gawayi kuma kada ya kwana a ɗakin da aka rufe.

Kin tambaye ni ko Allah ne yake nuna miki wani abu. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12, domin a can ma akwai ƙwanƙwasa ƙofa da dare, akwai masu addu'a, akwai kuma yarinya mai aikin gida. Hirudus ya kashe Yakubu, ya kulle Bitrus, masu bi sun taru a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus suna addu'a cikin fargaba. Aka ƙwanƙwasa ƙofar zaure, yarinyar nan Roda ta je, ta gane muryar Bitrus, murna ta sa ta koma da gudu ba ta buɗe ba. Manyan da suke addu'a suka ce mata ta haukace, da ta nace kuma sai suka ce mala'ikansa ne. Ki lura da kyau: sun fi saurin yarda cewa ruhu ne a bakin ƙofa a kan su yarda da maganar yarinya, alhali mutum ne mai jini da tsoka yake tsaye a waje yana ta bugawa. Ba a warware gardamar da ƙarin muhawara ba, sai da suka tashi suka buɗe suka gani. Haka kuma a Markus sura 6, almajiran da suka kwana suna fama da iska a teku suka hango Yesu yana tafiya a kan ruwa wajen asuba, suka yi kururuwa suna tsammani fatalwa ce. Mutanen da suka ci abinci tare da shi ke nan, gajiya da duhu suka sa suka kira Ubangijinsu fatalwa. In haka ta faru da su, ni da ke ba mu fi ƙarfin kuskuren fassara abin da muka ji da ƙarfe biyun dare ba.

Ban ce babu ikokin duhu ba, Bulus ya yi maganarsu a Afisawa sura 6. Sai dai makaman da ya lissafta a wurin sun fara ne da gaskiya da adalci, babu kuma inda ya ce a kama yaro a hana shi abinci. Shari'ar Musa ba ta yarda a tabbatar wa mutum laifi da bakin mutum ɗaya ba, sai da shaidu biyu ko uku. Matar gidan addu'ar da ta yi miki wannan magana ba ta taɓa shiga gidanki ba, ba ta leƙa silin ɗinki ba, ba ta ga yarinyar ba; ta dai tambaya ko akwai baƙo a gidan ko ta ji daga maƙwabciyarki, ta ɗora laifin a kan wadda ba ta da mai tsaya mata. Na daɗe ina lura cewa irin wannan wahayi ba ya faɗawa a kan ɗan mai gida ko mai kuɗin dangi, kullum sai 'yar riƙo, ko maraya, ko tsohuwar da mijinta ya mutu. Furucin da suke nema kuwa za su samu, domin yarinya mai shekara 11 da aka hana abinci kwana uku, manya suna kewaye da ita suna ihu, za ta amsa duk abin da aka sa mata a baki, daga ranar kuma sunan zai bi ta makaranta da ƙauye har gidan aurenta. Wannan cin zarafin yaro ne a gaban dokar ƙasa, a gaban Yesu kuma kin san abin da ya faɗa a Matiyu sura 18 game da dutsen niƙa da wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe.

Addu'a kam ki ci gaba da ita, amma irin ta Nehemiya, wanda da maƙiya suka yi barazana ya yi roƙo ga Allah ya kuma sa masu tsaro dare da rana, bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Ki duba sakata da kwaɗo tun da sauran haske, ki yi cajin fitila da waya duk lokacin da aka kawo wuta, ki ajiye tocila a wuri ɗaya da kowane yaro ya sani. Sannan ki tara yaran huɗu, ba uku ba, ku karanta Zabura 4, inda Dauda yake cewa zai kwanta ya yi barci da salama domin Ubangiji ne kaɗai yake zaunar da shi lafiya, ko Zabura 121 da take tuna mana cewa mai tsaronmu ba ya gyangyaɗi. Ki ba yarinyar ta karanta aya ɗaya da bakinta. Bayan haka ki rufe Littafin ki kwanta, domin ba a ba mu shi don mu riƙe kamar laya har gari ya waye ba, kuma rashin barcin kansa yana ƙara abin da kike ji. Wanda ya yi makonni bai yi barcin kirki ba yakan ji sauti a bakin barci, yakan kuma yi fama da dannau, ya farka ya kasa motsi kamar an danne shi, duk kuwa aikin gajiyar jiki ne. Idan an gyara rufi an kori ɓeraye amma har yanzu bugun zuciya da rashin barci ba su sake ki ba, ki je asibiti ki faɗa wa likita, ki kuma gaya masa abin da kika gani a shekarun rikici idan akwai.

Ki kira maigidanki gobe, kada ki jira ƙarshen wata. Ki fara da maganar rufi da kuɗin kafinta, sannan ki gaya masa sauran da bakinki, har da kwanan falo, domin gara ya ji daga gare ki da ya ji daga ƙanwarsa bayan labari ya zaga ƙauye. Zai yiwu ransa ya ɓaci, ki ba shi haƙuri ba tare da kare kai ba. Ki sanar da faston ikilisiyarku ko shugabar Zumuntar Mata abin da aka ce miki a gidan addu'ar, saboda ba ke kaɗai ake kaiwa can ba, ki kuma roƙi wata 'yar'uwa ta zo ta kwana da ku na 'yan kwanaki. Maƙwabciyarki ki gode mata, ki ce kin gano ɓeraye ne kuna gyara, ki roƙe ta kada maganar ta wuce nan.

Ita yarinyar kuma tana bin ki bashi. Yara sun fi mu gane lokacin da aka canza musu fuska, ta san kin daina kallonta kamar da, ko da ba ta san dalili ba. Ba sai kin ambaci kalmar maita a gabanta ba. Ki zaunar da ita ki ce kin yi kuskure da kika raba ta da 'yan'uwanta, ki tambaye ta ko ita ma tana jin motsin, ki tambaye ta me take tsammani. Yarinyar da ta tashi a ƙauye kusa da rumbu tana iya gaya miki ko ɓera ne ko gafiya tun kafin kafinta ya jingina tsaninsa. Ki rubuto mini abin da aka samu a silin ɗin, da kuma yadda take ci da barci.